Gishiri a Harshe, Laya a Wuya

A bakin tekun Luwanda, a ƙasar Angola ta yanzu, ana gobe jirgi zai tashi ake tara bayi a farfajiyar coci ko a wani fili. Fada ya bi su sahu-sahu yana raba sunaye: kai Pedro, kai Antoniyo, ke Mariya. Kowa a danƙa masa 'yar takarda da sunan a rubuce. Daga nan a ɗora musu gishiri a harshe, a yayyafa wa taron ruwa, tafinta ya ɗaga murya ya shaida musu cewa daga yau su 'ya'yan Allah ne, ƙasar Turawa za su, su manta da garinsu da al'adun garinsu. Shi ke nan. Kafin rana ta take, ɗaruruwan mutane sun zama Kirista a littafin hukuma.

Wani fada mai suna Alonso de Sandoval, wanda ke tarbar jiragen bayi a tashar Cartagena ta ƙasar Kolombiya ta yau, ya riƙa tambayar waɗanda suka sauka abin da suka fahimta da wannan ruwa. A littafinsa na 1627 ya tara amsoshinsu. Wasu sun ɗauka wata shaida ce irin lalas ɗin da ake yi musu da ƙarfe mai zafi. Wasu suka ce asirin Turawa ne don kada su yi bore a cikin jirgi. Wasu kuwa wankan kai kawai suka gani. Shi kansa fadan ya yanke hukunci cewa yawancin irin wannan baftisma ba ta yi ba, sai an sake.

Kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jirage daga gaɓar Afirka cikin shekara ɗari uku da hamsin, kimanin miliyan 10.7 suka sauka da rai. Birazil kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5. Ƙasar da ta zama Amurka, wadda fina-finai suka sa muke ɗauka can aka kai kowa, waɗanda aka sauke mata kai tsaye ba su kai dubu 400 ba. Jikokin waɗannan mutane yau galibinsu Kirista ne, kuma in ka tambayi dalili a majalisa, amsar da za ka ji ita ce bulala. Bulala kam ta yi aikinta, amma ni ban yarda ita ce ta yanke magana ba. Abin da ya raba addinin da ya rayu da wanda ya mutu a can shi ne wanne ya sami hanyar isa ga yara, kuma a bakin wa.

Dubi Muhammadu Gardo Baquaqua. A garin Jugu aka haife shi, a arewacin Benin ta yau, kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An sayar da shi wajen 1845, ya faɗa hannun wani mai gidan burodi a Pernambuco. A tarihinsa da aka buga a Detroit a 1854 ya ba da labarin ibadar gidan: sau biyu a rana ake durƙusar da bayi gaban wasu siffofi na yumɓu, a sa su rera kalmomin da ba su san ma'anarsu ba, maigida na tsaye da bulala yana jiran wanda zai yi gyangyaɗi. Wannan ba ta sa shi ya karɓi komai ba, giya ma ta koya masa, har ya nemi hallaka kansa a kogi. Sai da ya tsere daga jirgin wani sabon ubangidansa a New York a 1847, ya isa Haiti yana ɗa, ya zauna da wasu 'yan mishan na Baftis, sannan aka yi masa baftisma da yardarsa a 1848. Ko a nan ma, abin da ya fi naci a kai shi ne a tura shi Afirka wa'azi, ya ga mahaifiyarsa.

Babu wanda ya hau jirgin nan da zuciya wayam. Bayarabe ya tafi da Shango da Ogun da Oya, ɗan Dahome ya tafi da vodun ɗinsa, Musulmin Futa da na Barno da na ƙasar Hausa suka tafi da abin da suka haddace a makarantar allo. Akwai ma waɗanda tun a gida Kirista ne. Sarkin Kwango, Nzinga a Nkuwu, ya karɓi baftisma a 1491, shekara guda kafin Kolumbus ya tsallaka teku. Ɗansa Afonso ne ya rubuta wa sarkin Fotugal a 1526 yana kukan cewa fataken bayi na kwashe masa talakawa har da 'ya'yan sarauta. Bayin da suka yi tawaye a bakin kogin Stono na Carolina ta Kudu a 1739, masana tarihi da dama na ganin 'yan Katolika ne daga Kwango, kuma Florida suka nufa, inda Sifaniyawa suka yi alkawarin 'yanta duk bawan da ya gudo ya bi ɗarikarsu.

Iyayen gijin kansu bakinsu bai zo ɗaya ba. A ƙasashen Katolika doka ce. Dokar Fotugal ta ba ubangida wata shida ya yi wa sabon bawa baftisma ko a ƙwace shi, dokar bayi ta Faransa ta 1685 ita ma ta wajabta. Ingilishi kuwa gudun abin suke yi. Tsoronsu shi ne idan bawa ya zama ɗan'uwa a addini, da wace hujja za a ci gaba da riƙe shi? Majalisar Virginia ta warware musu a 1667 da dokar da ta ce baftisma ba ta cire wa kowa bauta. Duk da haka masu gandaye suka ci gaba da ɗari-ɗari, kuma bayin ma ba su ga abin sha'awa ba. Ƙungiyar yaɗa bishara ta cocin Ingila, wadda aka kafa a 1701, ta gāji gandun rake na Codrington a tsibirin Barbados, an kuma yi zamanin da ake lalas ɗin sunan ƙungiyar a ƙirjin bayinta. Mai wa'azin da ya zo maka da irin wannan shaida, me kuma zai faɗa maka? A 1807 aka buga wani Littafi Mai Tsarki na musamman a Landan don bayin tsibiran Karebiyan. An bar labarin sayar da Annabi Yusufu da ayoyin da ke umartar bayi su bi iyayen gijinsu, an zare labarin yadda Annabi Musa ya fitar da Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna.

Labarin da aka zare ɗin kuwa shi ne ya fi kama zukata. Tun daga shekarun 1740 wasu masu wa'azi na tashe suka bazu, daga baya 'yan Baftis da Metodis suka gāje su. Ba sa neman mutum ya haddace littafin tambaya da amsa. Suna wa'azi a fili, da kuka da waƙa da jijjiga, suna yin baftisma ta nutsarwa a kogi, kuma mafi girma, suna barin baƙar fata ya hau ya yi wa'azi. Mutumin da kakansa ya san allahn da ke sauka a kan mai rawa, ya san ruwa wurin tsarki ne, bai ga baƙon abu a nan ba. George Liele, bawa a Jojiya, ya fara wa'azi a shekarun 1770, ya tafi Jamaika a farkon shekarun 1780 ya kafa coci a Kingston. Richard Allen, wanda ya fanshi kansa, ya kafa ɗarikar Metodis ta baƙaƙe a Philadelphia a 1816.

A gandayen auduga coci biyu ne. Akwai na Lahadi da rana, inda ake zaunar da bayi a baya ko a bene, Bature ya gaya musu kada su saci kajin maigida. Akwai kuma na dare, a cikin kurmi ko a ɗakin wani. Tsofaffin bayin da aka yi hira da su a shekarun 1930 sun sha ambaton wata babbar tukunyar ƙarfe ta wanki da ake kifawa a bakin ƙofa ko a tsakar ɗaki, wai ta haɗiye sauti kada ya kai gidan maigida. A zagaya ana jan ƙafa ba a ɗagawa, ana tafi, ana juyawa ta hannun hagu, mai ba da waƙa na bayarwa ana amshi. A nan Musa da Daniyel da Yesu da aka yi wa bulala suka zama nasu. Iyayen giji ashe ba su yi kuskuren jin tsoro ba. Nat Turner, wanda ya ta da tawaye a Virginia a watan Agustan 1831, mai wa'azi ne. Samuel Sharpe, wanda ya ja dubban bayin Jamaika yajin aiki da ya rikiɗe ya zama yaƙi a Kirsimetin wannan shekara, dattijon cocin Baftis ne a Montego Bay. An rataye shi a watan Mayun 1832, shekara ta zagayo majalisar Ingila ta zartar da dokar soke bauta.

Musulmin da ya faɗa Amurka shi kaɗai yake, ba jam'i ba liman. Umar ibn Sa'id, malami daga Futa Toro, an sauke shi a Charleston a 1807. Ya gudu, aka kama shi aka kulle a Fayetteville, inda ya riƙa rubutun Larabci a bangon kurkuku har ya ja hankalin mutanen gari. An yi masa baftisma a cocin Presbyterian wajen 1820, an samo masa Littafi Mai Tsarki na Larabci, jaridu suka yi ta nuna shi a matsayin abin misali. Amma tarihin kansa da ya rubuta a 1831 da Suratul Mulk ya buɗe shi, surar da ke cewa mulki na Allah ne, ga bawa yana rubutawa a gidan wanda ke iƙirarin mallakarsa. Akwai kuma wata takarda tasa da Turawa suka yi wa alama da cewa addu'ar Ubangiji ce ta Kirista, da masu Larabci suka duba sai ga Suratun Nasr. Har yau masana na jayayya ko ya tuba da gaske. Ni dai na bar masa, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya rasu yana bawa, ana cikin yaƙin basasar Amurka. A tsibirin Sapelo na Jojiya kuma akwai Bilali Muhammad daga Timbo, wanda ya bar rubutu mai shafi 13 kan alwala da kiran salla. Jikokinsa 'yan Baftis ne. Abin da suka iya tunawa a shekarun 1930 shi ne tsofaffi na shimfiɗa 'yar tabarma suna sunkuyawa da dogon carbi, da wani dunƙulen shinkafa da zuma da kaka ke raba wa yara a wata rana ta musamman tana kiransa saraka. Gumbar sadaka ke nan da yaranmu ke layi su karɓa ranar Juma'a.

Inda Musulmi suka yi yawa har suka zama jama'a shi ne Bahiya, a arewa maso gabashin Birazil, kuma a nan labarin ya shafe mu kai tsaye. Wuri ne da mukan so mu tsallake. Yaƙe-yaƙen da suka fara a ƙasar Hausa a 1804 sun samar da kamammu daga kowane ɓangare, Musulmi da masu bori, mabiya jama'a da mayaƙan sarakuna. Shugabannin jihadi sun yi ta sukar sayar da Musulmi ɗa, amma kasuwa ba ta tambayar kalmar shahada. An bi da mutane kudu ta Nupe da Oyo zuwa Ikko da Porto-Novo da Wida, jiragen masu taba na Bahiya suka kwashe su. Jakadan Faransa a Salvador, babban birnin Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da wasu daga cikinsu ya buga hirarsu a 1851. Sun lissafa masa Kano da Katsina da Zazzau da zangunan da ke tsakani. Ɗaya daga cikinsu, wani tsohon Bafilatani mai suna Muhammadu Abdullahi da ya shekara kusan talatin a can, nema ya yi ma ya musuluntar da jakadan.

Bawan birni a Salvador murgu yake biya, kamar yadda aka sani a Kano. Ya fita ya yi dako, ko ya ɗauki Bature a kujerar kafaɗa, ko ya yi talla, ya kawo wa ubangida abin da aka yanka masa, saura nasa ne, da shi yake tara kuɗin fansa. Wannan ya ba mutane damar haɗuwa a kusurwar titi, kowace ƙabila da matsayarta, su kama hayar ɗaki. A irin waɗannan ɗakuna malamai suka buɗe karatu da allo da tawada, ana yanka rago a ci tare, ana ɗinka farar riga da hula. Kowa kuma yana da sunansa na baftisma da yake amsawa a waje. Wani Bahaushe ɗan kasuwar taba, malami, mutanensa na kiransa Dandara, a takarda kuwa Elesbão do Carmo ne.

Hausawa ne suka buɗe jerin tawayen Bahiya. A watan Mayun 1807 an bankaɗo shirinsu na tashi a ranar wani babban bikin coci. A 1809 suka tashi, a Fabrairun 1814 suka ƙone sansanonin masunta a Itapuã, kuma takardun shari'a sun ambaci jagoran da suka kira malomi. Babban tashin, wanda ake kira na Male, ya zo a daren 24 ga Janairu 1835 wayewar 25, a goman ƙarshe na azumi. A wannan karon Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa, Hausawa kaɗan ne. Kimanin mutum 600 suka fito da fararen riguna da layu a wuya, da takubba da 'yan bindigogi ƙalilan. Wata 'yantacciyar baiwa ta riga ta tona asiri. Sun yi ƙoƙarin fasa kurkuku su fitar da wani dattijon malami, Pacífico Licutan, wanda aka tsare ba don laifinsa ba, sai don bashin da ake bin ubangidansa. Kafin gari ya waye sojan doki sun murƙushe su a Água de Meninos, an kashe kusan 70. Da aka tambayi Licutan sunansa a gaban shari'a ya ce Bilal. An yanke masa bulala dubu. An harbe mutum huɗu a ranar 14 ga Mayu. 'Yan sanda suka farke layun gawarwaki suka rasa mai karantawa, sai da aka nemo wani bawa Bahaushe mai suna Albino ya fassara musu. Ayoyi ne da addu'o'in tsari. Daga ranar, ɗan guntun rubutun Larabci a aljihu ya isa a kama mutum.

A daidai wannan zamani, a cikin birnin guda, addinin Yarbawa na kafa gindi ta wata hanya daban. Cocin Katolika ya yarda bayi su kafa ƙungiyoyin 'yan'uwantaka, kowace da waliyyinta. Ana biyan kuɗin ƙungiya, a taimaki marar lafiya, a ranta wa mai neman fansa, kuma a yi wa mamaci jana'iza ta mutunci. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin bawan da ba shi da ƙungiya a ramin gayya na Campo da Pólvora ake jefa shi. 'Yan ƙungiyar Rosário sun shafe shekaru masu yawa na ƙarni na 18 suna gina cocinsu a dandalin Pelourinho da guminsu, yana nan tsaye har yau. A inuwar irin waɗannan ƙungiyoyi, a bayan cocin Barroquinha, wasu mata 'yan ƙasar Yarbawa suka kafa gidan bauta da ya zama uwar gidajen Candomblé. Kowane allah aka haɗa shi da waliyyi. Oya mai guguwa ta zama Santa Bárbara, ana bikinta 4 ga Disamba. Ogun a Bahiya shi ne Santo Antônio, a Rio kuwa São Jorge. Kowane Janairu mata sanye da farare kan ɗauki tuluna su wanke matakalar cocin Bonfim da ruwan ƙamshi, wanda ake girmamawa a ciki kuma Yesu ne kuma Oxalá na Yarbawa ne.

Ana yawan cewa waliyyan nan rufa-rufa ce kawai don a yaudari fada. Wataƙila haka ne ga waɗanda suka fara. Amma matar da aka yi wa baftisma tana jaririya, uwarta da kakarta duk suna zuwa coci da safe su tafi gidan ganga da dare, ba yaudarar kowa take yi ba, duka biyun nata ne. Shi ya sa da wasu manyan shugabannin Candomblé, ciki har da Mãe Stella, suka fitar da sanarwa a 1983 cewa lokaci ya yi da za a raba alloli da waliyyai, mabiya da yawa suka ji suka ci gaba da abin da suka saba.

Musulunci bai sami irin wannan mafaka ba, ba kuma zai iya nema ba, don tauhidi ba ya shiga rigar waliyyin wani. Yana bukatar malami da allo da shekarun yaro a gabansa, ga shi allon ya zama shaidar laifi. Ga kuma matsalar da ta fi kowace: waɗanda aka kawo daga ƙasar Hausa da maƙwabtanta kusan dukkansu maza ne, domin mata da yara a cikin gida ake riƙe su ko a tura su arewa ta hamada. Malamin da ya sami aure a Bahiya, matarsa galibi 'yar Katolika ce ko 'yar Candomblé, ɗan da aka haifa na ubangidan uwa ne, da baftisma da iyayen baftisma yake samun suna da majingina a gari. A 1850 Birazil ta rufe fataucin bayi ta teku, sababbin malamai suka daina zuwa. Wani limami, Abdurrahman al-Bagadadi, ya sauka Rio a jirgin Daular Usmaniyya a tsakiyar shekarun 1860, ya zauna da Musulmin Rio da Bahiya da Pernambuco. Ya tarar suna salla a ɓoye a bayan ƙofa, suna sayen Alƙur'ani da tsada, suna kai 'ya'yansu baftisma don babu yadda za su yi, 'ya'yan kuma suna girma su bi addinin gari. Lokacin da likita Nina Rodrigues ke bincikensa a ƙarshen ƙarni na 19, tsofaffi ne kawai suka rage. A gidajen abincin Salvador yau akwai wata shinkafa da soyayyen busasshen nama da ake kira shinkafar Hausa. Galibin masu cin ta ba su san su wane ne Hausawan ba.

Waɗanda suka riƙe abinsu har jikoki su ne waɗanda suka komo. Bayan 1835 hukuma ta kori ɗaruruwan 'yantattun 'yan Afirka, wasu da yawa kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu don ƙuncin da aka saka su. Sun sauka Ikko da Wida da Porto-Novo, inda ake kiransu Aguda, da Ankara, inda ake kiransu Tabom, unguwarsu na Jamestown. Sun zo da sunaye irin su da Silva da Paraíso da da Costa, gida guda a sami mai zuwa coci da mai zuwa masallaci. Magina ne da kafintoci. Su suka yi aikin tsohon cocin Holy Cross na Ikko, kuma ɗaya daga cikinsu, João Baptista da Costa, shi ya jagoranci ginin masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Babban masallacin Porto-Novo, wanda zuriyarsu suka gina a farkon ƙarni na 20, fasalin cocin Bahiya aka yi masa, da hasumiya biyu da bango mai launi-launi, kuma ginin na nan tsaye a kusa da babbar kasuwar garin.